Shekarun da na yi ina sayar da minti a Kano

Kafin 2001 nisa haja ce, sayar da ita ake yi. Kiran Legas daga Kano yana da nasa farashi, kiran Jidda kuwa sai mai ƙarfi. Kamfanin gwamnati, NITEL, shi kaɗai ke riƙe da manyan layukan da suka haɗa garuruwa da kuma ƙofar fita ƙasashen waje, kuma duk faɗin Najeriya layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. A wannan ƙarancin na samu abinci. Ɗan shagona yana kusa da Kantin Kwari: wayar girke, benci, da agogon ƙirga minti. 'Yan kasuwa su zo su ji ko kaya sun fito daga Apapa. Lokacin aikin Hajji kuwa mata ke cika bencin, kowace da lambar Makka a 'yar takarda.

A Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, ba a jima ba sabis ya iso Kano. Abokan sana'a suka ce tamu ta ƙare, ashe kakarmu ce ta yanke saƙa. Layi kaɗai sai ya tasam ma naira dubu ashirin, minti naira hamsin, kuma ko sallama kawai ka yi ka kashe, kuɗin minti cikakke za a cira. Wa zai iya? Mai buƙata dole ya zo wurinmu.

Na sayi layin kowane kamfani, domin a lokacin kira daga wannan kamfani zuwa wancan da ƙyar yake shiga, ga tsada. Mutum ya faɗi farkon lambarsa, in miƙa masa wayar da ta dace. Na shiga tsarin biyan kuɗin wata da ke rage farashin minti, ribata tana tsakanin abin da kamfani ke cira da abin da nake karɓa. Har yara na ajiye da lema da tebur a Fagge da Sabon Gari, su kawo lissafi bayan Magariba.

Amma a littafin lissafin na lura da wani abu tun da wuri. A wayar salula kiran Legas da kiran Kurna a nan cikin Kano kuɗinsu ɗaya. Hajar da na saba cin riba a kanta ta daina zama haja, abin da ya rage shi ne tsadar layi, ita kuwa ba a hannuna take ba, tana hannun kamfanonin da ke shirin gwabzawa da juna.

Globacom ya shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, abin da a baya ake ta cewa ba zai yiwu nan kusa ba. Nan da nan sauran suka bi. Farashin layi ya riƙa zubewa har ya koma kamar kyauta. Wanda jiya yake zaune a bencina yau ga shi da Nokia a aljihu, ya shigo mu gaisa, ya yi wa ɗan'uwansa filashin a gabana, a kira shi, ya tafi. Mu masu lema kuma muka yi wa kanmu yawa, wannan ya ce talatin, na kusa da shi ya ce ashirin. Kiran waje ne ya ɗan daɗe yana riƙe ni, shi ma da NCC ta fara ba da lasisin bai-ɗaya a 2006, wanda ya bar kamfani ɗaya ya haɗa salula, wayar girke da kiran waje, ga kuma kira ta intanet, sai Jidda da Dubai suka sauko.

Ba ƙananan kaɗai guguwar ta ɗauka ba. Starcomms, wanda wayoyinsa suka cika shagunan Kano, yau babu shi. Etisalat da ya zo a 2008 da ƙarfinsa, bashi ya sa ya koma 9mobile a 2017. A ganina wanda ya fi morar buɗe kasuwar shi ne mai kira, sai kuma wanda ke sayar da abin da kowane kamfani ke buƙatar a kai masa ga jama'a, ko wane ne ke kan gaba.

Shi ya sa na janye jarina daga lema na zuba a sarin katin waya. Ribar kowane kati ba ta taka kara ta karya ba, amma duk sanda kamfanoni suka rage farashi masu waya ƙaruwa suke, ciniki na ƙaruwa. Daga baya na ƙara da wayoyi da caja daga kasuwar Farm Centre. Katin ma ya ja baya tun da mutane suka koma sayen kuɗin kira kai tsaye daga asusun banki. Yanzu gyaran waya da na'urar POS ke biyan hayar shagon.