Mai zuba kuɗi a shari'ar wani, a san sunansa

Aikin lauya a ɓangaren sasanci, wato shari'ar da ake yi a wajen kotu gaban wanda ɓangarorin suka amince ya yanke musu hukunci, ya koya mini cewa kafin in zurfafa cikin hujjojin abokin shari'a, in fara tambayar wa ke biyan lauyoyinsa. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su ɗauki nauyin ƙarar wani, in ya ci su kwashi kasonsu, in ya faɗi kuɗinsu ya bi ruwa. Ban ga aibun hakan ba, don masu gaskiya da yawa ba su da ƙarfin ja da manya. Ɓoye shi ne ba na so.

Shari'ar Essar da Norscot, kamfanoni biyu masu harkar haƙar mai, ce ta fi tsaya mini a rai. Norscot ya karɓi kusan fam 647,000 daga wani kamfani don ya yi ƙarar Essar, bisa sharaɗin in an ci zai biya ninki uku, ko kashi 35 cikin ɗari na abin da aka samu, duk wanda ya fi yawa. Da ya yi nasara, mai sasanci ya ɗora wa Essar wannan ladan, kusan fam miliyan 1.94, kuma babbar kotun Ingila ta tabbatar a 2016. Mai sasancin ya ga Essar ne ya matse Norscot da gangan har ya rasa mafita, don haka hukuncin bai ba ni haushi ba. Amma tun da za a iya sa mutum biyan ribar wanda bai taɓa ƙulla komai da shi ba, haƙƙinsa ne ya san da shi tun farko, ya auna ko gara ya nemi sulhu.

Dokokin sasanci na ICC (ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya) na 2021 da na ICSID (cibiyar warware rikicin zuba jari ta Bankin Duniya) na 2022 sun wajabta faɗin sunan mai ɗaukar nauyin. Ta haka ake gane ko mai sasanci yana da alaƙa da shi.

In mai ƙara ya faɗi, aka ce ya biya kuɗin shari'ar da abokin shari'arsa ya kashe, kuma aljihunsa babu komai fa? A shari'ar Arkin ta 2005, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce mai ɗaukar nauyin ya biya ɗaya ɓangaren, iya gwargwadon abin da ya zuba. A 2020 ta ce alƙali na iya wuce wannan iyakar. To wa za ka bi in ba ka san sunansa ba?

Shi ya sa duk wanda muke wakilta, in ya samu mai ɗaukar masa nauyi, nakan ce mu rubuta wa ɗaya ɓangaren da zarar an sa hannu, kafin su tambaya.