Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fami

Makon jiya mun tsaya a Gadarif, a Sudan, cikin makarantar da aka mayar masaukin waɗanda yaƙi ya koro daga Wad Madani a watan Disamba na 2023. Yau zan jingine labarin kaina, domin da yawanku, da kuka san aikina jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa ne, kun yi mini tambaya iri ɗaya: yaya tsofaffi biyu za su fito gida ɗaya, a mota ɗaya, su ga abu ɗaya, amma bayan wata shida ɗaya ya warware, ɗayan kuma yana ta zabura cikin dare?

Razana a makonnin farko ba ciwo ba ce, duk mai rai zai yi ta. Sai ta haura wata guda, ta hana mutum harkarsa, sannan muke kiranta ciwon firgici. Abin yana dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa, zuciyarsa ta yi baƙi har ya riƙa ganin laifin kansa, jikinsa kuma kullum a ɗame kamar mai gadi. Sai dai tsoho ba ya cewa yana jin tsoro. Zai ce tsakiyar kansa na zafi, ƙirjinsa na bugawa, jikinsa ya mutu. Shi ya sa nake tambaya ta gefe: "Baba, in iska ta buga ƙofa, me jikinka ke yi?" Ko kuma, "Inna, da dare abin yana dawo miki?" Kuma ba a gaban suruka ba. Dattijon da zai zubar da hawaye in kuna ku biyu, in matar ɗansa na tsaye sai ya ce lafiya lau.

Akwai takardar gwaji mai suna PCL-5, tambayoyi 20, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 4, jimla 80. In jimlar ta kai 31 zuwa 33 ko ta haura, abin ya kai a duba sosai. Yawancin tsofaffinmu ba za su cike ta da kansu ba, sai a karanta musu da Hausa, a nuna kofin shayi: babu komai, ɗan kaɗan, rabi, ya kusa cika, ya cika.

Babban abin da ke raba tsofaffin nan biyu shi ne fami. Wanda ke da tsohon miki, ƙaramin bugu ma ya isa. Mutanenmu da rikicin Yuli 2022 ya koro daga Rusairis da Damazin, ko na Oktoba daga Wad al-Mahi, wasu sun sauka Madani, wasu Sinja. Madani ta faɗi a ƙarshen 2023, Sinja ta bi baya a Yuni 2024, suka sake ɗaura kaya. Gudu na biyu yakan tono na farko, har ya tono abin da ya fi shi daɗewa. Za ka ji tsohuwa na kuka, ka ɗauka harsashin igwa ta tuna, ashe jaririn da ta binne a yunwar 1984 ne ya dawo mata. Wani kuma lokacin gudu shi ne mai ƙarfafa kowa, sai an natsu, bayan wata shida ko fiye, abin ya taso masa. Iyali su ce ai an wuce wurin, aljanu ne.

Sai abin da aka raba mutum da shi bayan ya tsira. A ganina wannan ya fi ƙarar harsashi tasiri. Dattijo mai hawasha, wato gonar ban-ruwa, a jihar Jazira, mai jan salla a zawiyar unguwa, wanda ba a ɗaura aure sai ya zo, yau yana kwance a kan angarib, gadon igiya, bayan labulen buhu cikin aji, jikansa ke karɓo masa asida daga takiyya, inda ake dafa abincin sadaka. Ba mai neman shawararsa. Wanda aka ba limancin masauki, ko tsohuwar da aka sa ta kula da tukunya, sun fi saurin samun barci. Wanda ɗansa ya ɓace, babu gawa babu labari, nasa ya fi wuya, domin bai san zaman makoki zai yi ba ko jira.

Jiki ma da nasa. Mai nauyin kunne ba ya jin tahowar mutum sai an dafa shi, ya zabura. Mai yanar ido in magariba ta yi kowace inuwa soja ce. Ciwon gwiwa na hana barci, rashin barci na ƙara mafarki. Ga maganin hawan jini da na suga da ya yanke a hanya, ga jabana, wato gahawa, bayan isha. Mai farkon gigin tsufa kuwa, tsohon tashin hankali yakan dawo masa kamar yanzu ake yi. Amma a kula: in tsoho ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, bai gane 'ya'yansa ba, yana ƙara ruɗewa da yamma, kada a ce firgici ne. A gwada maleriya, a auna suga, a duba fitsari, a ga ko ruwan jikinsa ya ƙone. Wannan na gaggawa ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne diazepam, wato Valium. Ana saya a ba tsoho don ya yi barci. Zai yi, amma ƙwayar tana daɗewa a jikin tsoho, ya tashi fitsarin asuba jiri ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Ba ta kuma warkar da firgicin. Amitriptyline shi ma yakan riƙe fitsari ga mai kumburin mafitsara ta prostat, ya busar da ciki. In likita ya ga sai da ƙwaya, yakan fara sertraline a kan 25 mg, bayan mako guda ya kai 50. Sai mako huɗu zuwa shida ake ganin amfaninsa, iyali kuwa kan gaji a kwana goma su daina. Yana iya rage gishirin jini, musamman ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, don haka in kasala da ruɗu suka biyo baya a koma asibiti. Addu'a da ruƙya ba su hana wannan. Abin da nake roƙon matasa shi ne su daina kunna bidiyon yaƙi a waya kusa da kunnen kakansu.

Maganin da na fi yarda da shi igiya ce. Ana shimfiɗa ta a kan tabarma, bakinta ranar haihuwa, sauran a naɗe, wato kwanakin da ke gaba. A ba shi duwatsu da furanni; in babu fure, dabino ma ya yi. Kowace masifa dutse, kowane farin ciki dabino, a jera bi da bi. Daga nan, sau ɗaya a mako, kamar minti 90, a ɗauki dutse ɗaya ya ba da labarinsa daki-daki: wace rana, wa ke tsaye a ina, me ya ji a hanci. Ba a tashi a tsakiyar dutse, domin in an yanke lokacin da zuciya ke bugawa, sai ya koma gida da abin a buɗe. Ana rubutawa, a karanta masa mako mai zuwa ya gyara. Zama takwas zuwa goma sha biyu yakan isa, kuma wanda aka horar ne zai yi, ba ɗan gida ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kama hanyar Kasala.