Godiya ga Waɗanda Suka Ƙawata Filin Bikinmu da Amfanin Gona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an ɗaura aure, an yi wuni, an kai amarya ɗakinta lafiya. A madadin dangin amarya da na ango, muna godiya ga iyaye, 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki da suka taya mu wannan hidima. Allah ya bar zumunci. Sai dai wannan saƙo na musamman ne ga waɗanda suka yi kwalliyar filin wuni da hannunsu. Ba a ɗauko masu dikoreshon ba. Kusan duk abin da baƙi suka gani daga gona da tsakar gida ya fito. Mutane da yawa sun tambayi yadda aka yi, ga shi kuma kaka ce, bukukuwa na nan tafe, shi ya sa muka haɗa godiyar da bayani.

Baffanninmu da kawunnanmu, ku kuka fara. Kun ware mana dami biyu na gero da kawunan dawa, kaura da farfara da ja, kuka bar wa kowane kai kara tsawon kamu ɗaya. Wannan karan shi ne asirin aikin, domin kan da aka yanke a wuya ba shi da wurin ɗauri. Ana haɗa zangarniya 7 zuwa 9 a ƙunshi guda, a rataye kai ƙasa a inuwa kamar mako ɗaya. Wanda ya tsaya da kansa sama yana ɗanye lanƙwashewa yake yi, wanda kuma aka tara a buhu da sauran laima fumfuna ke kama shi. Kara yana motsewa idan ya bushe, don haka ɗaurin farko sai ya saki. A sake ɗaurewa da igiyar rama ana gobe biki.

Ƙaiƙayi shi ne babban abin tsoro a gero. Gwaggonninmu sun karkaɗe kowane ƙunshi a bayan gida, suka jiƙa ƙaro cikin tafi ɗaya a lita ɗaya ta ruwan ɗumi ya kwana, suka tace, suka yayyafa sama-sama. Idan ya bushe yana riƙe ƙaiƙayin da tsabar. Duk da haka gero ba ya zuwa saman kujerar amarya ko kusa da abinci. Dawa ake sawa a nan. Ba a fesa fenti ko maganin ƙwari ko kaɗan, domin hatsi ne, ci za a yi. Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Samarin unguwa su suka kafa bangon da ke bayan kujerar ango da amarya, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 2 da rabi. Gora biyar aka kafa, kowace a rami mai zurfin kamu ɗaya, aka danƙare da tsakuwa, aka gicciya biyu sama da ƙasa, sannan aka ɗaura zana biyu sababbi. Zana tana tare iska gaba ɗaya, kuma daga Nuwamba iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa. Bangon da ba shi da tokara a baya faɗuwa yake yi da duk abin da ke jikinsa. Tokara uku suka sa, suka kuma barbaɗa toka a gindin kowace gora saboda gara da tururuwa. Kun sha rana, ƙannenmu, Allah ya ba ku mata nagari.

A jikin zanar aka jera faifai 30, manya 6 a tsakiya, matsakaita da ƙanana suna bazuwa gefe. Kaɗan aka sayo a kasuwar Kurmi, sauran iyayenmu mata na maƙwabta suka ciro daga ɗakunansu suka ba da aro, wasu ma na jerensu ne na aure. Wannan amana ce, shi ya sa ba a buga musu ƙusa ba, ba a shafa gam ba. Da basilla da zare aka ɗinke kowanne a wuri uku, aka kuma ɗaura zare mai launi daban a bayan na kowane gida don kada su cakuɗe. A fara jerawa a ƙasa a kan tabarma, a ga tsarin ya yi, kafin a ɗaga. Wanda ya fara ɗinki kai tsaye sai ya warware.

Furannin da aka yi ta tambaya ko na kanti ne, bawon masara ne, aikin ƙawayen amarya. Bawon ciki ake zaɓa, fari mai laushi, a jiƙa a ruwan ɗumi minti 15. Tafasasshen zoɓo yana ba da ja-ja mai haske, amma a matsa lemon tsami a ciki, kuma kada kanwa ko toka ta taɓa shi, nan take yake komawa shuɗi-shuɗi mai duhu. Kurkum kuwa akasin haka ne: shi kaɗai rawaya ne, da an ɗiga ruwan kanwa sai ya koma ja mai ruwan goro, ka ga launi biyu daga tukunya ɗaya. Galura ta fi kama jiki, amma tana zuba a farar shadda idan mutum ya jingina, don haka aka bar ta. Ana yanka bawon tsawon yatsa, a naɗa 8 zuwa 10 a kan tsinken tsintsiya tun yana da laima, a ɗaure gindin da zare. Busasshen bawo tsagewa yake yi. A shanya a inuwa, domin rana tana cinye kurkum da sauri. Kada kuma su kwana a waje: raɓar kaka tana sake jiƙa su, launin ya zuba a kan yadi.

Fitilun ƙwarya kuma, ƙusa ake sawa a wuta a huda da ita, a bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin huji da huji. Bugawa da guduma fasa ƙwaryar yake yi. A kan ƙananan fitilun batir aka kifa ƙoren. Muna roƙon duk mai niyyar kwaikwayo, don Allah ban da kyandir da aci-balbal. Zana, kara da bawo duk abincin wuta ne. A nisanta murhu da kaskon turaren wuta, a ajiye bokitin ruwa da na yashi a bayan bango.

Yadi 12 aka yanko a Kantin Kwari, ruwan ƙasa, domin fari ba ya jure ƙurar wannan lokaci. An rufe bangon da tsofaffin zannuwa, ba a buɗe ba sai sa'a ɗaya kafin taro, aka yayyafa wa filin ruwa sau biyu.

Yaran da suka yi gadin awaki da kaji tun safe, ba mu manta da ku ba. Ba don ku ba, da dawar ƙasa-ƙasa ba ta kai la'asar ba.

Hatsin an sussuke an mayar wa masu shi, sun ce a kai wa amarya cikin gararta. Faifai da ƙore an kai gida-gida. Wadda nata bai iso ba ta aiko a duba. Gora, zana, yadi da fitilu suna nan a ajiye, duk mai biki a dangi ko a unguwa ya zo ya ara.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a gonakinku da 'ya'yanku, ya ba ango da amarya zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Amin.