Asabar a Gadarif, Baba Gassis zai tafi kambo

Yau na gaji sosai amma bazan kwanta ban rubuta ba, wuta bata dawo ba tun la'asar, cajin wayar ma ya kusa ƙarewa.

Da asuba ina idar da sallah naji sallama a bakin ajin da muke kwana, a makarantar da muke zaman gudun hijira anan Gadarif a gabashin Sudan, Baba Gassis ne. Mu anan gassis muke cewa, 'yan uwanmu na Najeriya da muke hira a WhatsApp su fasto suke ce. Wai tukunyar takiyarsu, wato wurin da suke dafa wa jama'a abincin sadaka, ta huje, yazo aron tamu babbar. Ya gaida Inna da 'yar Hausar da ya koya, "Hajiya kin tashi lafiya?" Inna tace lafiya lau Gassis, ɗauki mana, ai adas ɗin, ɗan ƙaramin waken nan da ake dafawa, yaran unguwa ne zasu ci.

Shi mutumin Heiban ne can duwatsun Nuba. Cocinsa na farko a unguwar Haj Yusif ta Khartoum yake, yaƙi ya tashi 15 ga Afrilu 2023 ya kwaso mutanensa zuwa garin Madani ya kafa rakuba, wato rumfa, suna taruwa a ciki, a Disamba 2023 Madani ta faɗi hannun mayaƙa muka fito hanya ɗaya mu da su, a bayan lori muka sanshi, ya tashi ya bawa Inna wurin zamansa shi yayi tafiyar a tsaye. Wannan rakubar ta bayan makaranta itace ta uku da ya kafa, da buhuna da kara da benci biyu.

Da hantsi na bisu zagaye saboda kwalara, ni nake musu tafinta wajen tsofaffin da suka gudo daga wajen garin Mai Wurno bayan yaƙi ya kai garin Singa, wasu kakannin Hausa tafi musu sauƙi akan Larabci musamman in ciwo yazo. Lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, haka muketa maimaitawa ɗaki ɗaki har muryata ta dishe. Gaskiya da farko Yaya ya gargaɗeni, yace ki kula, irin wannan taimakon yana da igiya a gindinsa. Na kula ɗin kuwa, wata da watanni ina sa ido, ban taɓa jin ya gindaya wa wani sharaɗi a bakin tukunya ba, wa'azinsa a rakubarsa yake yi ga wanda ya shiga da ƙafarsa. Ni Musulma ce kuma ya sani, in azahar tayi shi yake cewa 'yata tafi kiyi sallah zamu jiraki.

Bayan an raba abinci na zauna daga gefe ina kankare tukunya ina jinsu shi da yaransa shida, maza huɗu mata biyu. Baya musu dogon jawabi, ɗaya ya karanta sai ya tambayesu me kuka ji, yayi shiru har sai sun amsa ko da kuskure ne, daga nan ya turasu biyu biyu duba marasa lafiya, su dawo su faɗa masa abinda suka tarar. Ya kirani ya nuna min Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayarsa yace in karanta masa kalmar da aka sa wa mabiyan Annabi Isa, na duba naga almajirai. Wallahi sai da na sake dubawa. Yace to waɗannan sune almajiraina. Ya kuma ce mishan ɗin da ta kawo addininsu Heiban a ƙasar kakanninmu Najeriya ta fara, a Wase, 1904, wani Bajamushe Karl Kumm ne ya jagoranta. Nace masa mu kuma kakanninmu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka nufo gabas, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin Nilu. Yayi ta jinjina kai yana cewa shekara ɗaya tsakani.

Abinda ya hanani sukuni da yamma ya faru. Ashe gobe bayan sujada zai tafi, kakar riɗi ta kama, masu yanka sun cika kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, a gonakin wajen gari kuma akwai mutanensu da yawa acan babu mai tara su, yana so ya fara wata taruwar. Ya kira babban cikin yaran, bai wuce 24 ba, yace daga gobe kai zaka tsaya a gaba. Yaron yace Abuna, wato babanmu, ban kai ba, hawaye na zubo masa. Baba Gassis yace a Madani komai a hannuna na riƙe, ranar da aka watse waɗanda suka bi wata hanya sun rasa ko mai musu addu'ar jana'iza, wata tsohuwa haka aka binneta a gefen titi shiru, bazan sake wannan ba. Sai ya ciro wani littafin rubutu duk ya yage a gefe ya miƙa masa, ciki sunayen zawarawa ne, da wa yake shan maganin suga, da wa ɗanta ya ɓace tun Khartoum, harda tsofaffinmu Hausawa guda uku da ba 'yan cocinsu ba. Nan ne nima na kasa riƙe kaina.

Bayan magariba ya dawo da tukunya a wanke tas. Inna ta ƙulla masa yajin agashe a leda tace Allah ya tsare hanya Gassis, ya amsa da amin da hannu biyu.

Yaron ya tsayar dani a bakin famfo yace Yaya ko zaki rakani gobe ƙarfe bakwai wajen kakar nan ta aji na huɗu, jikanta har yanzu gudawar bata tsaya ba. Nace masa to, ya taho da sukari ni zan kawo gishiri.