Sati huɗu a Ruwanda: koyarwa kyauta na je yi, aljihuna ne ya ji jiki

Shekaranjiya na dawo, har yanzu ƙwaurina ciwo yake saboda hawa da gangara. Wanda ya sa wa Ruwanda suna ƙasar tsaunuka dubu bai yi ƙarya ba, ko kati za ka saya sai ka yi haki.

Aikin sa kai ne ya kai ni, wata ƙungiya ta haɗa ni da wata sakandare a kudu, kusa da Huye, in koya wa yara kwamfuta. Abin da ba a faɗa maka da wuri shi ne sa kan nan da kuɗinka ake yinsa. Tikitin jirgi ni na saya, masauki na biya, ga wani kuɗin rajista da har na dawo ban ga abin da aka yi da shi ba, da na tambayi jami'in ƙungiyar sai ya ɗaure fuska ya ce ai Turawa ba sa irin wannan tambayar. Biza ce kaɗai na samu a ɓagas, 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka ana ba su ta kwana 30 kyauta in sun sauka.

Ina sauka aka raba ni da ledar da na naɗe takalmana, ashe tun 2008 suka haramta leda. Na yi ta gunaguni a raina, sai da na ga titunan Kigali fes ko bawon ayaba babu na ja bakina na yi shiru. A tashar Nyabugogo kuwa lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin mota ta tashi, ga kujeru biyu babu kowa, ni da na saba sai an cika an danne.

Satin farko a aji wallahi na sha wuya. Yara sun haura hamsin, kwamfuta mai rai goma. Ina ta zuba Turanci suna gyaɗa kai, na ɗauka ana tare, ashe ladabi ne kawai. A 2008 ɗin dai gwamnati ta mayar da harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Turanci, amma da an fita ƙofar aji Kinyarwanda kowa yake yi. Wani matashin malami aka ba ni yana fassara, rana ta uku na lura duk abin da na ƙetaro ƙasashe in koyar ya san shi, har yana gyara min kuskure a hankali don kar yara su gane. Kunya ta rufe ni. Na ce masa Malam mu yi musanya, kai ka riƙe allo, ni ka ba ni makullin sito. Can na tarar da matattun kwamfutoci jibge, yawanci ƙura ce ta toshe fanka ko waya ta kwance. Da burushi da sukundireba muka tayar da shida, ni da wasu 'yan mata biyu da suka maƙale min. A sati na uku ɗayarsu ta buɗe wata ita kaɗai, tana kunnawa ta kama, ihun da ta yi sai da shugaban makaranta ya leƙo.

Masaukina gidan wata dattijuwa Kirista ne, Mama nake ce mata. Da ta ji Musulmi ne ni ta ware min tukunya da faranti nawa daban, don naman alade ana cinsa sosai a can, kuma ita ke ƙwanƙwasa min ƙofa da asuba. Kullum da safe ga ƙwaryar kindirmonsu, ikivuguto. Hoton mijinta da 'ya'yanta maza biyu na rataye a falo, duk a kisan ƙare dangin 1994 aka kashe su. An gargaɗe ni kar in tambayi kowa ƙabilarsa, ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara komai ba.

Asabar ɗin ƙarshen wata Mama ta miƙo min fartanya, wai umuganda, aikin gayya na dole. Shaguna a rufe, motoci a tsaye, har da mai unguwa muka yashe kwata.

Kwana biyun ƙarshe a Kigali na yi su. Na je wurin tunawa da kisan ƙare dangi a Gisozi inda aka binne mutum sama da 250,000, ban iya cin abinci ba ranar. Sallar Juma'a a Nyamirambo, unguwar Musulmi, na yi ta. A kasuwar Kimironko aka yi min kuɗin baƙo a atamfa, na taya rabi, mai kayan ya saki ba gardama, tun daga nan na san an cuce ni.