Ashe goro ma yana cikin lissafi

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar Asante, don haka a gidanmu ba a ɗaukar goro a bakin komai, kamar ruwan sha yake.

Azumin bara ɗinkin Sallah ya yi mini yawa. Ana shan ruwa sai in kaɗa Nescafé cokali biyu. Bayan asham yaran shago su ɗora ataya, a yi zagaye uku, goro kuwa yana kuncina har sahur. A goman ƙarshe, wani dare ina yanka wuyan shaddar wani Alhaji hannuna ya kama rawa, almakashi ya zarce inda ban sa alli ba. Ƙirjina sai dukan uku-uku yake. Sabuwar shadda na saya da kuɗina, kuma har yau Alhajin bai sani ba.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce, "Yaya, ƙirga mini abin da ka sha jiya." Na ce kofi biyu ne kawai.

"Atayar fa? Goron fa?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce sinadari ɗaya ne a cikinsu duka, kafeyin, kuma babba mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 400 a rana ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bayan awa biyar ko makamancin haka rabin abin da ka sha yana nan a jini. Wato atayar ƙarfe 11 na dare ita ce ke hana ni runtsawa bayan asuba. Kuma ba ƙarfi yake ƙarawa ba, saƙon gajiya yake toshewa a ƙwaƙwalwa. Jiki na sabawa, sai cokali ɗaya ya koma biyu.

Bayan Sallah na yi wauta, na yanke komai rana ɗaya. Washegari kaina kamar ana sara da gatari, na yi wa yaron shago tsawa a kan zaren da ni na ɓatar. Kwana uku na kai, na koma ruwa.

A karo na biyu sannu-sannu na bi, cikin mako uku. Nescafé ya koma rabin cokali, da safe kaɗai. Ataya zagayen ƙarshe nake karɓa, wanda ganyen ya riga ya saki. Daga la'asar na rufe.

Goron ne ya ba ni wuya, don ba a miƙo maka goro a wajen suna ka ce ba ka ci. Yanzu karɓa nake da hannu biyu, in yi godiya, in sa a aljihu. Da safe in ɓare, in ci ɓari ɗaya, ɗayan in kai wa Kawu.