Zalɓe a bakin Galma

Asabar, bayan isha'i.

Yau da sassafe na raka Kawu fadamarsa ta bakin kogin Galma, ban-ruwan tumatur da albasa. Hazo ya lulluɓe Zariya, sanyi har cikin ƙashi. Ina ƙoƙarin tayar da inji sai Kawu ya riƙe hannuna. "Dakata tukuna, ɗana. Ga zalɓe can."

Yana tsaye a inda ruwa bai da zurfi, tsayinsa ya kusa mita 1. Bayansa ruwan toka, wuyansa fari da ɗigo-ɗigon baƙi ta gaba, ga wani baƙin layi da ya taso daga ido ya wuce ƙeya ya zama siririn tukku. Bakin nan dogo, ruwan ɗorawa, kamar mashi. Na sha ganin balbelu a bayan shanu, amma wannan shi kaɗai yake, ba ya neman abokin kiwo.

Wallahi na ɗauka itace ne aka kafa. Ko motsi ba ya yi. Can sai ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ya sauke ta ba tare da ruwan ya girgiza ba, ya lanƙwashe wuya. Kafin in ƙifta ido ya kai sara, sai ga ƙaramar karfasa tana wutsil-wutsil a bakinsa. Ya juya ta, kai ya fara shiga, don kada ƙayar bayanta ta tsaya masa a maƙogwaro. Ina kallon yadda take gangarawa cikin wuyan. Kawu ya ce kwaɗi ma ba ya bari, har ɓera in ya samu a gefen gona.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, wasunsu daga Turai suke tasowa, su ƙetare Sahara su yi rani a nan. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce kilo 2 ba! Ya yi wannan doguwar tafiya, ya tarar da ledoji da robobin ruwa suna yawo a inda yake kamun kifi. Raina ya ɓaci.

Da injin ya yi ƙara sai ya tashi, wuya a naɗe, ƙafafu a miƙe ta baya, fukafukai na kaɗawa a nutse, ya yi ƙasa da kogi har hazo ya haɗiye shi.

Kafin mu tafi na tsince ledojin da hannuna ya kai, buhu guda. Na roƙi Kawu gobe mu riga rana isa.